ENRICO MATTEI, ƊAN SAJEN DA YA JA DA MANYAN KAMFANONIN MAI

Duk wanda ya yi tafiye-tafiye a mota cikin Nijeriya kafin 2002, lalle ya taɓa tsayawa a gidan man Agip, ya ga allon nan rawaya mai hoton wani baƙin kare mai ƙafa shida, harshen wuta na fita daga bakinsa. Yara kan tsaya su ƙidaya ƙafafun, manya su biya kuɗin mai su wuce. Amma kaɗan ne suka san mutumin da ya kawo karen nan Afirka, balle abin da ya koro shi daga gida. Sunansa Enrico Mattei, mutumin Italiya. Tarihinsa muke so mu bayar yau, gama a cikinsa ne muka fi ganin irin halin da ƙasa kan shiga in abin da za ta hura wuta da shi yana hannun waɗansu.

Kafin mu kai ga mutumin, sai mu fara duban ƙasar. Italiya tana da yawan jama'a da gwanayen sana'a, amma Allah bai ba ta kwal ba, sai ɗan abin da ake haƙa a tsibirin Sardiniya, shi ma ba mai kyau ba. Ingila da Jamus da Faransa da Beljiyam duk bisa kwal ɗinsu suka gina masana'antunsu. Ita kuwa, in ban da lantarkin da take samu daga ruwan duwatsun arewa, duk abin da za ta ƙona sai ta aika da jirage a sayo. Da zamanin mai ya zo, sai abin ya daɗa muni. A 1935, sa'ad da Musolini ya kai wa Habasha yaƙi, ƙungiyar ƙasashen duniya ta wancan zamani ta hana sayar wa Italiya kayayyaki da dama, amma ba ta sa mai a ciki ba. An ruwaito cewa daga baya Musolini da bakinsa ya gaya wa Hitila, da an hana shi mai da bai ƙara mako guda a Habasha ba. Cikin Yaƙin Duniya na Biyu kuma manyan jiragen ruwan yaƙin Italiya suka yi wata da watanni ɗaure a tasha don rashin mai. Ga kuma abin tausayi da dariya: tun 1911 suka shiga Libiya, suka yi shekara talatin suna tafiya bisa tafkin mai ba su sani ba, sai a 1959, bayan sun daɗe da fita, wani kamfanin Amurka ya tono shi.

An haifi Mattei ran 29 ga Afrilu 1906 a wani ƙaramin gari wai shi Acqualagna. Ubansa saje ne cikin 'yan sandan da ke ƙarƙashin soja. Yana yaro suka koma Matelica, inda ya girma. Bai yi ƙoƙari a makaranta ba, don haka uban ya kai shi wajen masu yin gadon ƙarfe yana shafa fenti. Daga nan ya koma wata majema, ya fara a ɗan aike, kafin ya wuce shekara ashirin da 'yan kai ya zama shi ne mai lura da majemar duka. Da aka rufe ta a 1929 ya tafi birnin Milan, ya yi tallan fenti da sinadaran jima, sa'an nan ya kafa tasa masana'antar, ya yi arziki daidai gwargwado. Ya yanki katin jam'iyyar Musolini, kamar yadda 'yan kasuwa da yawa suka yi. A Milan ɗin ya shaƙu da wani ɗan garinsu, Marcello Boldrini, shehun malami a Jami'ar Katolika. Shi ya buɗe masa ido ga karatu da siyasa, ya haɗa shi da mutanen da daga baya suka riƙe jam'iyyar Kirista Dimokuraɗiyya.

A 1943, da Jamusawa suka mamaye arewacin Italiya, Mattei ya shiga cikin masu yaƙin sari-ka-noƙe. Gwanintarsa ba ta harbi ba ce, ta tara kuɗi ce da makamai da mutane, har ya zama wakilin jam'iyyarsa cikin manyan hafsoshin 'yan gwagwarmaya. An kama shi a Oktoba 1944, ya tsere a Disamba.

To, da yaƙi ya ƙare aka zo rabon muƙamai, sai aka ba shi abin da kowa ke ganin ƙashi ne ba tsoka. Ran 28 ga Afrilu 1945 aka naɗa shi kantoman Agip, watau kamfanin man gwamnati da aka kafa a 1926. Kamfanin ya yi shekara goma sha tara yana haƙa, bai samo abin a zo a gani ba. Umurnin da gwamnati ta aiko daga birnin Rum shi ne a tsai da haƙa, a sallami ma'aikata, a yi gwanjon kayan aiki. Ƙasa ta fito daga yaƙi ba ta da ko anini, kamfanonin Amurka da na Ingila kuwa a shirye suke su kawo mai a jirgi.

Mattei bai san kome game da mai ba, amma ya san ciniki. Da ya ga masu saye na rububin abin da aka ce ba shi da amfani, sai ya yi shakka. Ya kira wani injiniyan kamfanin, Carlo Zanmatti, ya titsiye shi. Ashe a 1944 sun haƙa rijiya a wani ƙauye wai shi Caviaga, kusa da Lodi, sun tarar da iskar gas mai yawa, suka toshe bakin rijiyar suka yi shiru don kada Jamusawa su samu. Da jin haka sai Mattei ya sa takardar gwanjo a aljihun tebur. Ana aiko masa da tuni, yana ba da uzuri, yana cin bashi, ma'aikata na ta haƙa. A 1946 rijiya ta biyu ta Caviaga ta ba da gas.

A 1949 kuma aka sami mai a Cortemaggiore, kusa da Piacenza. Gaskiyar magana man ɗan kaɗan ne, ko kusa bai isa ƙasar ba. Amma Mattei ya gayyato Ministan Kuɗi, Ezio Vanoni, da masu ɗaukar hoto, jaridu suka buga cewa Italiya ta sami mai, jama'a suka yi ta murna. Bai ƙaryata ba. Ya ma sa wa fetur ɗin da yake sayarwa sunan garin, ko da yake galibinsa daga ɗanyen man waje aka tace shi. Daga ranar nan ba wani ɗan siyasa da ya sake iya buɗe baki ya ce a sayar da Agip.

Dukiyar gaskiya ita ce gas ɗin kwarin kogin Po, ga shi kuwa a bakin ƙofar masana'antun Milan da Turin. Sai dai gas ba ya tafiya a buhu, sai an shimfiɗa masa bututu, kowane bututu kuma sai ya ratsa gonakin mutane da titunan garuruwa. Wanda duk ya taɓa aikin ofis ya san tsawon lokacin da takardar izni kan yi daga tebur zuwa tebur. Mattei bai jira ba. Ana ba da labarin yadda ya yi a birnin Cremona: ya kawo ɗaruruwan leburori da tsakar dare, suka tsaga titi daga wannan gefen gari zuwa wancan. Gari ya waye mutane suka ga rami. Ya tafi wurin magajin gari ya ba da haƙuri, ya nuna ma'aikatansa ne suka yi kuskure, zai tsai da aikin nan take. Magajin garin da ya dubi ramin, shi ya koma yana roƙo a gama a rufe. Cikin 'yan shekaru an shimfiɗa dubban kilomita, masana'antu suka bar kwal ɗin waje suka koma gas na gida mai araha. Ran 10 ga Fabrairu 1953 aka yi dokar da ta kafa ENI, uwar kamfanonin makamashin gwamnati, aka ba ta ita kaɗai ikon haƙa a kwarin Po. Mattei ya ajiye kujerarsa ta majalisa, wadda ya ci a 1948, ya zama shugabanta.

Da a nan ya tsaya, da ya mutu bisa gadonsa. Amma gas bai tuƙa mota, ga Italiya ta shiga zamanin mota gadan-gadan, kamfanin Fiat na fid da ƙananan motoci na talaka, ana gina babbar hanya daga Milan zuwa Napoli. Agip na da gidajen mai da matatu, ba shi da ɗanyen mai. Dole ya saya daga manyan kamfanoni bakwai da suka riƙe man Gabas ta Tsakiya da Benezuwela: biyar na Amurka, watau Esso da Mobil da Texaco da Gulf da Standard ta Kalifoniya, sai Shell, sai kamfanin Ingila wanda ya koma BP a 1954. Mattei ne ya yayata laƙabin da ya bi su har yau, 'Yan'uwa Mata Bakwai. Su ke yanka farashi, ganga kusan dala 2, alhali kuɗin haƙo ta a ƙasashen Larabawa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba. Su ne kuma ke gasa da Agip a titunan Italiya. Watau wanda ke sayar maka da hatsi a sari, shi ne ya kafa rumfa kusa da taka.

Da farko ya nemi shiga cikinsu ne, wannan kuwa masu yabonsa ba su cika faɗa ba. A 1951 Muhammadu Musaddak ya mai da man Iran mallakar ƙasa, kamfanonin nan suka haɗa kai kada kowa ya sayi man Iran. Mattei ya bi su, bai saya ba, ko da yake a ɓagas ake tallarsa. Bayan an kifar da Musaddak a 1953, aka raba man Iran a 1954: Ingila kashi 40, Amurkawa 40, Shell 14, Faransa 6. Mattei ya nemi ko ɗan abin taɓawa, aka hana shi. Bai manta da wannan wulakanci ba har ya mutu.

Sai ya juya wajen masu ƙasa. Ya fara da Masar ta Jamal Abdul Nasir a 1955, a rijiyoyin Sinai. Rikicin Suwez na 1956, da aka toshe mashigin har Turai ta shiga ƙarancin mai, ya ƙara masa hujja a gida. A 1957 ya ƙulla da Iran yarjejeniyar da ta girgiza kasuwar mai ta duniya, ya kamata kuwa mu tsaya mu yi lissafinta.

Ƙa'idar wancan lokaci ita ce raba daidai. Kamfani ya haƙa, ya sayar, ya ba gwamnatin ƙasa rabin riba; haka aka yi a Benezuwela a 1948, a Saudiyya a 1950. Amma gwamnati ba ta da kujera a kamfanin, ba ta da ta cewa kan yawan abin da za a haƙa ko wanda za a sayar wa. Shi Mattei ga abin da ya kawo. Za a kafa kamfani na tarayya, rabi na Agip, rabi na kamfanin man Iran. Agip zai yi neman mai da kuɗinsa. In ba a samu ba, hasararsa ce shi kaɗai. In an samu, Iran ta biya rabin abin da aka kashe. In an ci ribar fam 100, gwamnati ta ɗauki fam 50 haraji, sauran fam 50 a raba biyu. Ke nan Iran ta tashi da 75, Italiya da 25.

Mai lura zai ga fam 25 ɗin nan na ƙari ba kyauta ba ce, ribar jarin da Iran ta zuba ce. Manyan kamfanoni sun faɗi haka, kuma da gaskiyarsu. Amma mu a ganinmu ba kuɗin ne ya tsorata su ba. Abin da ya tsorata su shi ne mai ƙasa ya zauna a teburin shawara, ya ga littattafan lissafi, 'ya'yansa su koyi aikin. Shekara guda bayan haka wani kamfanin Amurka da ba ya cikin bakwai ɗin, Pan American, ya karɓi irin wannan sharaɗi a Iran, har da ƙarin dala miliyan 25 a hannu. Ƙofa ta buɗe ke nan.

Daga nan Mattei ya bazama: Maroko a 1958, Libiya da Sudan a 1959, Tunisiya a 1960. Inda ba mai, ya gina matata ko gidajen mai. Matatar Tema ta Gana, wadda ta fara aiki a 1963, aikinsa ce. A 1962 aka kafa kamfanin Agip na haƙar mai a Nijeriya, da sharaɗin in an sami mai gwamnati na iya sayen rabo, ta kuwa karɓi sulusi a 1971. Yakan gaya wa shugabannin sababbin ƙasashe cewa Italiya ma matalauciya ce, ta san zafin a yanka mata farashi daga waje. Maganar ta shiga kunnensu, ko da yake mutanen Libiya da Habasha suna da abin tunawa game da Italiya wanda ya sha bamban da haka. A Aljeriya ya fi nuna inda ya dosa. Faransa ta sami mai a Sahara a 1956, ana tsakiyar yaƙin neman 'yanci, ta yi masa tayin shiga. Ya ƙi, ya ce sai ƙasar ta sami kanta, ya kuma taimaki 'yan gwagwarmaya da shawarar masana kan sha'anin mai. A 1961 ƙungiyar OAS, ta Faransawan da suka ƙi a saki Aljeriya, ta aiko masa da takardar barazanar kisa.

Sai dai duk wannan zirga-zirga ba ta haifar da abin da yake nema ba. Wuraren da aka ba shi a Iran, ragowar da manya suka bari ne. An sami mai a teku, amma ba mai yawa ba. Na Masar da na Gela a tsibirin Sisili ba su cike gurbin ba. Har ya mutu bai sami babbar rijiya irin ta Kuwait ko Saudiyya ba. Kuɗi na ta fita, bashi na ta hawa.

Wannan ne ya kai shi Masko. A Oktoba 1960 ya sa hannu da Tarayyar Sobiyet kan ɗanyen mai tan miliyan 12 cikin 'yan shekaru, a farashin da ya yi ƙasa ƙwarai da na kamfanoni bakwai. Ba da kuɗi zai biya duka ba: zai ba da robar da masana'antarsa ta Ravenna ke yi daga gas, da famfuna, da manyan bututun ƙarfe tan 240,000. Ya rage kuɗin fetur a Italiya, abokan gasa suka bi dole. Amma a tuna Italiya tana cikin ƙungiyar tsaro ta NATO, bututun nan kuwa Rasha na bukatarsu don jan mai zuwa gabashin Turai, inda sojojinta suke. Amurka ta fusata, ta ce Mattei ya kuɓutar da wuyan ƙasarsa daga igiyar 'yan kasuwa ya miƙa shi ga abokan gaba. Shi kuma ya ce mai saye da ke da ƙofa biyu ya fi mai ƙofa ɗaya. Man Rasha mai arahar nan yana cikin abin da ya sa manyan kamfanoni suka rage farashi a 1959 da Agusta 1960 ba tare da shawartar masu ƙasa ba, wannan ragi kuma shi ya tunzura ƙasashe biyar suka kafa OPEC a Bagadaza a Satumba 1960.

A gida fa? Nan ne muka kasa wanke shi. Ribar gas ta kwarin Po dukiyar jama'a ce, amma Mattei ya riƙa sarrafa ta kamar tasa. Ya tallafa wa jaridar Il Giorno tun kafuwarta a 1956 don ta kare shi. Ya ba jam'iyyu kuɗi, na dama da na hagu, bai ma ɓoye ba: yakan kwatanta jam'iyya da motar haya, ka shiga, ta kai ka, ka biya, ka sauka. Shi kansa bai tara abin duniya ba, a ɗakin otal yake zaune a Rum, abin shaƙatawarsa kamun kifi. To, amma ma'ajin da ya buɗe baitulmali yana raba wa masu ba shi kariya, ko bai ci anini ba ya ɓata gidan. Ministoci suka zama suna jin labarin manufar ƙasarsu ta waje bayan ya riga ya sa hannu. Da alƙalan Milan suka bankaɗo cin hancin jam'iyyu daga 1992, ENI na tsakiyar abin.

Ran 27 ga Oktoba 1962, duniya duk ta zuba ido kan rikicin makamai masu linzami na Kyuba, Mattei ya yi jawabi a Gagliano cikin Sisili, inda aka sami gas, ya yi wa mutanen alkawarin aikin yi. Da yamma ya tashi daga Catania a ƙaramin jirginsa zuwa Milan. Ana ruwa. Saura 'yan mintoci ya sauka, jirgin ya faɗi a wata gona a Bascapè. Ya mutu tare da matuƙinsa, Irnerio Bertuzzi, da wani ɗan jaridar Amurka, William McHale. Shekararsa 56.

Binciken farko ya ce haɗari ne. A 1970 wani ɗan jarida, Mauro De Mauro, da ke bin sawun kwanakin Mattei na ƙarshe don fim ɗin da Francesco Rosi ke shiryawa, ya ɓace a Palermo, ba a sake ganinsa ba. A 1994 Tommaso Buscetta, tubabben ɗan ƙungiyar Mafiya, ya shaida cewa mutanensu ne suka yi aikin bisa roƙon waɗansu. Mai gabatar da ƙara na Pavia, Vincenzo Calia, ya sake buɗe shari'ar, aka tono gawa, masana suka duba ɓaraguzan ƙarfe. A 2003 ya kammala cewa ƙaramin bam aka dasa a jirgin. Ba a gurfanar da kowa kan kisan ba.

A 1963 magadansa suka ƙulla cinikin ɗanyen mai da Esso, maganar da shi kansa ya soma kafin ya mutu. A 1969 ENI ta sa hannu kan sayen gas daga Tarayyar Sobiyet, gas ɗin ya fara isowa a 1974, na kwarin Po kuwa ya yi ta raguwa. Tashar nukiliya ta Latina, wadda Mattei ya fara ginawa a 1958 don rage dogaro da mai, an rufe ta bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1987. Ya zuwa 2021 kusan kashi 40 cikin 100 na gas ɗin da Italiya ke sayowa daga Rasha yake zuwa. Da yaƙin Yukiren ya ɓarke a Fabrairu 2022, Firayim Minista Mario Draghi ya tashi a watan Afrilu zuwa birnin Aljiyas neman ƙari. Gas ɗin da aka yi masa alkawari ya bi ta bututun da aka buɗe a 1983, wanda ya taso daga Sahara, ya ratsa Tunisiya, ya nutse cikin teku ya ɓullo a Sisili. Aljeriyawa sun sa wa bututun nan sunan Enrico Mattei.